Malam Badamasi da Turancin Injiniya Zibi

Shekara uku muka yi a ɗaki ɗaya da Malam Badamasi a unguwar Dira cikin birnin Riyadh, a wani tsohon gida da ke bayan layin masu sayar da takalma, ba nisa da tsohuwar fadar Masmak. Mu huɗu ne a ɗakin. Ni ɗinki nake yi a shagon wani ɗan Yaman, biyu suna aikin gini, shi kuma direba ne a wani kamfanin gine-gine. Dogo ne, siriri, mai yawan shiru. Idan ya kulle ƙofa sai ya dawo ya sake murɗa ta. Kafin ya fita kuma sai ya taɓa aljihun gaban rigarsa sau biyu, ya tabbatar iƙamarsa tana ciki, wato katin izinin zama.

Ba don ladabi kawai muke ce masa Malam ba. Malamin makaranta ne na gaske. Shekara tara ya yi yana koyar da Turanci a wata sakandaren jeka-ka-dawo kusa da Ringim, har iyali suka fi ƙarfin albashin. A shekarar 2011 ya bar matarsa Sabuwa da 'ya'ya huɗu ya taho Riyadh, kuma abin da aka rubuta a katinsa shi ne direba. Bai so a san ya taɓa riƙe alli. Da farko kunya ce take hana shi faɗa, daga baya tsoro. A ƙarshen 2013 duk mun ga yadda aka riƙa kamen mutanen da ke yin aikin da ba shi ne a katinsu ba, mun ga waɗanda muke sallah tare da su an cika motoci da su. Tun daga lokacin Malam ya kafa wa kansa doka, yakan maimaita mana ita idan muna cin abinci: abin da katinka ya ce kai ne, shi za ka zama, ba ƙari.

Cikin 2014 aka ba shi wani sabon injiniya ya riƙa tuƙa shi. Mutumin ƙasar Poland ne, sunansa Zbigniew, sunan da babu wanda ya iya faɗa a kamfanin, don haka kowa yake ce masa Zibi. Gajere ne, kakkaura, mai sanƙo, ya haura hamsin, kuma rana ta mayar da wuyansa ja. Aikinsa shi ne haƙa ramin tushen gini da tokare bangon ramin don kada ƙasa ta rufta. Kamfanin yana gina wani dogon bene a unguwar Ulaya, an yi rami mai zurfin hawa huɗu a gefen babban titi. An ce a wannan fanni mutumin ya san aikinsa ƙwarai. Turanci ne ba shi da shi. A zamanin da ya yi makaranta Rashanci aka koya musu, sai da ya wuce arba'in ya fara koyon Turanci.

Daga masaukin injiniyoyi zuwa Ulaya tafiyar minti arba'in ce idan da cunkoso, kuma kullum da cunkoso. Zibi yana da wasu ƙananan katuna rawaya da ya ɗaure da roba. A gaba ya rubuta kalmar Turanci, a baya ma'anarta da harshensu. Yakan zauna a kujerar gaba yana juya su yana gunaguni. Malam yana jin kurakuran, yana ji kamar ana tsira masa allura, amma wata biyu cur bai ce uffan ba. Gaisuwa kawai, sai "to, Muhandis," don haka ake kiran injiniya a nan.

Wata rana da yamma Zibi ya shigo mota ya ce a kai shi gidan waya. Duk maganar da suke yi da Turanci suke yi, nasa a kakkarye. Ya ce shugaban aikin, wani Baturen Ingila mai suna Kolin, ya ce masa "keep me posted," shi kuwa bai san inda ake sayen kan sarki a garin nan ba, kuma bai gane dalilin da zai sa mutumin da ofishinsa ke kusa da nasa ya so wasiƙa ba.

Malam ya ce sai da ya wuce fitilar ba da hannu biyu yana faɗa da zuciyarsa. A ta uku ya ce, "Muhandis, ba wasiƙa yake so ba. Nufinsa ka riƙa sanar da shi halin da ake ciki."

Zibi ya juyo ya dube shi. "Ka tabbata?"

"Na tabbata."

"A ina ka san wannan?"

"Na ɗan yi makaranta."

Zibi ya zaro wani kati daga tsakiyar ɗaurin ya karanta masa, Malam ya fassara. Ya zaro wani, ya fassara. Kafin su isa masauki sun yi kati goma sha ɗaya, kuma Malam ya riga ya faɗi abin da ya yi shekara uku yana ɓoyewa. Da zai sauka Zibi ya miƙa masa hannu ya ce, "Sai gobe, Tica."

Ranar da ya dawo ɗaki na ga fuskarsa da haske, amma bai ci abincin kirki ba. Ya ce mini, "Basiru, ina jin na buɗe ƙofar da ba zan iya rufewa ba."

Na ce, "Malam, hira ce fa a mota. Wa ya hana direba magana?"

Ya ce, "Hira ce yau."

Haka motar ta zama aji. Babbar matsalar Zibi ƙananan kalmomin nan ne, "a" da "the", domin harshensu ba shi da su sam. Malam ya yi ta neman hanyar da zai fahimtar da shi har ya koma ga Hausa. Ya ce masa a wurinmu idan ka ce ka ga mota, kowace mota ce, amma idan ka ce ka ga motar, to wadda muka sani ce ni da kai. Zibi ya rubuta "mota" da "motar" a kati, ya riƙa nuna motoci a titi yana gwadawa. Shi ma yakan kawo maganganun garinsu ya juya su zuwa Turanci kai tsaye. Ranar da Malam zai je sabunta lasisin tuƙi, Zibi ya dunƙule hannu biyu ya ce zai riƙe masa babban yatsa, wai haka suke yi wa mutum fatan alheri. Malam ya ce masa Turawan Ingila harɗe yatsu suke cewa, mu kuma Allah ya ba da sa'a muke cewa, ya zaɓi wanda ya fi masa.

Sau biyu Zibi ya yi masa maganar lada, sau biyu ya ƙi. Ya ce mini muddin bai karɓi komai ba, to ba aiki ba ne, kuma babu wanda zai ce ya yi sana'ar da ba ta katinsa ba. Amma ya sayi ƙamus a wani kantin littattafai, ya naɗe bangonsa da takardar jarida ya ɓoye a ƙarƙashin katifa. Bayan sallar asuba sai ka gan shi a tsugune bakin taga yana shirya darasin ranar a bayan ambulan.

Akwai wani abin da ke damunsa ban da tsoron hukuma. Yana shakkar Turancin nasa. Wata rana Zibi ya makara taro, ya shiga ya ce musu "go-slow" ne ya tare shi, babu wanda ya gane. Wata rana kuma ya tashi zai fita daga ofis ya ce "I'm coming," kamar yadda muke cewa ina zuwa, Turawan suka bushe da dariya suna tambayarsa zuwa yake ko tafiya. Zibi ya ba da labarin yana dariya, amma Malam bai yi dariya ba. Ya ce mini, "Na ɗora wa bawan Allah Turancin Sabon Gari, ya je ya ji kunya a gaban mutane. Shekara tara ina koya wa yara, ashe ban san wanne ne namu wanne ne nasu ba." Ya karɓi katunan duka ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙamus, duk wanda ya ga na Najeriya ne ya yi masa ɗigo da jan biro.

Daga katuna aka koma saƙonni. Idan sun isa wajen ajiye motoci, Zibi yakan miƙo wayarsa ya ce, "Tica, duba mini wannan kafin in tura." Malam ya san ranar da aka ɗauke shi aiki ya sa hannu a takardar da ta ce direba ba shi da hurumin ganin takardun kamfani. Sai ya lallashi kansa da cewa ba karantawa yake ba, ƙananan kalmomi kawai yake cusawa inda suka ɓace. Yakan duba madubi ya tabbatar babu kowa kusa, ya gyara da sauri, ya mayar da wayar.

A watan Maris na 2015 aka yi ruwan sama kwana biyu, irin wanda ke cika titunan Riyadh cikin awa ɗaya. Bayan ya ɗauke, Zibi ya sauka ramin ya yi aune-aunensa, ya rubuta rahoto a kan bangon da ke gefen titi. A mota ya miƙo wa Malam. Akwai layi ɗaya a ciki da ya ce, "wall eventually move to road." Malam ya ga jimlar a gurgunce. Kalmar "eventually" a Turanci tana nufin abu zai faru ko ba jima ko ba daɗe, don haka ya ƙara mata abin da ya dace da ita, jimlar ta koma, "the wall will eventually move towards the road." Bangon zai gusa zuwa titi, lokaci kawai ake jira.

Ya sake karantawa. Ya ce, "Muhandis, wannan magana babba ce. Ka tabbata?"

Zibi ya ɗaga kafaɗa. "Ƙaramin abu ne. Dole dai a rubuta."

Malam ya ɗauka haka injiniyoyi suke, sun saba da haɗari har ba ya ɗaga musu hankali. Zibi ya danna, rahoton ya tafi.

Washegari da hantsi aka tsayar da aiki. Aka fito da leburori sama da ɗari biyu daga ramin, aka killace gefen titin, masu ginin suka zo da manyan motoci, aka ce za a kira ƙwararru daga waje su duba. Malam yana zaune a mota yana ganin komai ta gilashi. Da azahar Zibi ya fito, jan fuskarsa ya koma fari, ya shiga ya rufe ƙofa.

Ya ce, "Ban gane ba. Kolin yana ta yi mini ihu, wai me ya sa na bar mutane suka yini a ramin jiya alhali na san bangon zai tafi. Ni ban ce zai tafi ba. Bangon lafiyarsa lau. Cewa na yi eventually."

Malam ya ce, "Me kake nufi da eventually?"

"Wato wataƙila. Idan an sake yin ruwa mai yawa, idan kuma ba a zuƙe shi ba. Mai yiwuwa ne, amma da wuya."

"Ba ma'anarta ke nan ba."

"Ita ce mana. Muna da ita a harshenmu, iri ɗaya ce."

Ya buɗe ƙamus ɗin wayarsa don ya nuna masa. Ya rubuta tasu kalmar, "ewentualnie", ya duba abin da ya fito, ya sake rubutawa. Kalmomin biyu kamar tagwaye suke a ido, amma tasu tana cewa wataƙila, ta Turanci tana cewa tabbas. Bai taɓa yi mata kati ba, domin ya ɗauka ya riga ya san ta. Ya ajiye wayar a cinyarsa. Malam ya ce a lokacin ya tuna wanda ya ƙara "will".

Zibi ya ce, "Tica, zo mu je tare. Kai za ka iya yi masa bayani. Ni idan yana ihu kalmomin guduwa suke yi."

Malam ya ce, "Muhandis, ka yi mini rai. Kai idan suka kore ka, garinku za ka koma ka sami wani aikin. Ni 'ya'yana huɗu. Iƙamata saura mako biyar ta ƙare, kuma a hannunsu take. Kada ka ambaci sunana."

Zibi ya ce ya yi alkawari. Ya fita shi kaɗai da wayar a hannu.

Alkawarin bai kai la'asar ba. Kolin ya yarda da bayanin kalmar, har an ce ya dafe kai. Amma sai ya jawo tsofaffin rahotannin Zibi ya jera su da sababbi. Na farko babu "the" ko ɗaya, na baya kuwa kamar a littafi. Ya tambaye shi wa yake gyara masa rubutu, kuma wa yake ganin takardun kamfani. Zibi ya ce babu kowa. Kolin ya sake tambaya ta wata fuskar, ya sake. Da suka haɗu da yamma Zibi bai iya kallon Malam ba. Ya ce, "Ka gafarce ni. Da harshenmu ne da na san yadda zan kauce. Da Turanci ba ni da kalmomin kaucewa, gaskiyar kawai na iya faɗa."

Malam ya tayar da mota. Ya kai shi masauki, ya mayar da motar gareji. A can shugaban direbobi, wani Basudane mai suna Fu'ad, ya karɓi makullin ya ce ya zauna a gida sai an neme shi.

Kwana huɗu ya yi a ɗaki. Ban taɓa ganin mutum ya rame cikin kwana huɗu kamar haka ba. Wayarsa tana hannunsa ko a banɗaki. Idan mota ta tsaya a ƙofar gida sai ya miƙe. Ya sauko da jakarsa daga saman kwaba ya zuba rabin kayansa, ya bar rabi a waje. Ya ba ni ƙamus ɗin ya ce in kai shago in ajiye, kada a zo a gan shi a ɗakin. Abin da yake tsoro shi ne a buga masa huruj, fita ta dindindin, ko kuma abin da ya fi wannan muni, a ce ya saci sirrin kamfani a haɗa shi da 'yan sanda. Ɗaya daga abokan ɗakinmu, Ubale, ya ba shi shawarar ya musanta, tunda babu shaida sai bakin Bature ɗaya da ko Turanci bai iya ba. Malam ya ce ya ji. Bai ce zai yi ba, bai ce ba zai yi ba.

Ranar Juma'a bayan mun sauko daga masallaci ya kira gida kamar yadda ya saba. Ya yi niyyar ɓoye wa Sabuwa, amma ina jin muryarta daga inda nake zaune.

Ta ce, "Malam, muryarka ba daidai take ba. Ba ka da lafiya ne?"

Ya ce lafiyarsa ƙalau. Ta ce ba ta yarda ba. Sai ya faɗa mata duka, tun daga gidan waya har makullin mota.

Ta ce, "To kai ka gyara masa rubutun?"

"Ni ne."

"Da mugun nufi?"

"Wane irin mugun nufi, Sabuwa?"

"To ka faɗa musu haka. In dawowa ce ka dawo, ɗakinka yana nan. Amma ka ci abinci, ina jin yunwa a muryarka."

Ranar Lahadi Fu'ad ya kira. Malam ya sa farar rigarsa da na goge masa, ya tafi Ulaya a motar haya. Ofishin wurin aikin irin na kwantena ne, sanyin na'ura ya yi yawa. A ciki akwai Kolin, da Fu'ad, da wani Basa'ude daga sashen ma'aikata, sai Zibi a kujerar gefe. Ba a ce wa Malam ya zauna ba.

Kolin ya juyo da kwamfuta ya nuna masa jimlar. Ya ce, "Ka taɓa ganin wannan?"

Malam ya ce har zuwa wannan lokacin bai yanke abin da zai faɗa ba. Ya dubi jimlar, ya ga aikinsa ne, babu kuskure ko ɗaya a cikinta. Ya ce, "Na gani, Yallaɓai. Ni na ƙara 'the', ni na ƙara 'will', ni na mayar da 'to' ta koma 'towards'."

"Me ya sa?"

"Domin kalmar da ya sa tana buƙatar su. Na gyara jimlar, ban tambayi abin da mai jimlar yake nufi ba yadda ya kamata. Na tambaye shi ko ya tabbata, ban tambaye shi me yake so ya ce ba. Wannan kuskurena ne, kuma kuskure ne da bai kamata malami ya yi ba."

Kolin ya tambaye shi shekara nawa ya koyar, ya faɗa. Fu'ad ya dube shi kamar yau ya fara ganinsa. Basa'uden ya yi tambaya da Larabci: ya karɓi wani abu a kan wannan aikin? Zibi ya yi sauri ya ce a'a, ko sau ɗaya. Amma Malam ya ce akwai kwalbar zuma da Muhandis ya kawo masa bayan hutun Kirsimeti, daga gonar ɗan'uwansa. Basa'uden ya rubuta wani abu a takarda. Ya tambaye shi ko ya taɓa tura wata takarda zuwa wayarsa, ko ya nuna wa wani. Ya ce a'a, ya miƙa wayar. Mutumin ya duba ta na ɗan lokaci ya mayar masa.

Zibi ya miƙe ya fara magana. Malam ya ce bai taɓa jin Turancinsa ya lalace kamar ranar ba, duk abin da suka yi wata takwas suna ginawa ya zube. Amma an gane shi. Ya ce shi ya miƙa wayar, shi ya roƙa, kuma idan za a kori wani to shi ne. Kolin ya ce ya zauna. Aka ce wa Malam ya tafi, za a sanar da shi.

Sai da aka ƙara mako guda. A cikin makon ƙwararrun suka gama dubawa suka ce bangon lafiya yake, amma tunda an riga an tara su, suka sa aka ƙara tokare biyu. Aikin ya yi asarar kwana shida. Hukuncin da ya fito shi ne takardar gargaɗi ga kowannensu. Zibi aka tura shi ajin Turanci na yamma, kuma duk rahotonsa sai sakataren ofis ya duba. Malam aka cire shi daga tuƙa injiniyoyi, aka ba shi bas ɗin da ke kwaso leburori daga sansaninsu da ke can bayan Badi'a. Iƙamarsa kuwa sai da ya rage kwana tara sannan aka sabunta ta. Ranar da Fu'ad ya miƙa masa, ya ce masa, "Ya ustaz, daga yau idanunka a kan titi kawai."

Aikin bas ya fi wuya. Sanyin motar ba ya aiki sosai, kuma sau huɗu yake zirga-zirga a rana. Yakan hango Zibi a bakin ƙofar wurin aiki da hular kwano, su ɗaga wa juna hannu daga nesa. Sau ɗaya Zibi ya nufo bas ɗin, Malam ya girgiza masa kai, ya koma. Leburorin, 'yan Nepal da Bangladesh, sun ji labarin cewa direbansu malami ne, wasu suka fara kawo masa takardun asibiti da saƙonnin waya ya karanta musu. Ya ƙi. Ya ce mini abin yana ci masa rai, musamman wani dattijo da ya kawo takardar magani, amma ya nuna masa hanyar ofis kawai.

A tsakiyar 2016 ayyuka suka ja baya a garin, kamfanin ya rage ma'aikata, kwangilar Zibi ta ƙare. Wata Juma'a da la'asar ina shago sai ga wani gajeren Bature ya sauko daga tasi yana tambayar masu shaguna ina ɗan Najeriya mai ɗinki. Ranar na fara ganinsa. Na aika aka kira Malam. Ya zo yana waige-waige, amma da ya ga babu kowa sai mu, ya zauna. Na sayo musu shayi. Sun yi kusan awa guda a kan bencin shagon. Zibi ya ce ya sami aiki a ƙasar Norway, kuma da Turanci aka yi masa tambayoyin ɗaukar aikin ta waya, minti arba'in, bai nemi a maimaita masa tambaya ba sai sau biyu. Ya ce malamar ajin yamma ta iya aikinta, amma littafi take bi, ba ta tsayawa ta ji abin da aka ce masa a ofis ranar. Ya sake ba da haƙuri a kan alkawarin. Malam ya ce wannan ya wuce, shi ma da ya bi shi ofis tun ranar farko da wataƙila abin bai kai haka ba. Da Zibi zai tafi ya ce in auna shi, yana so in ɗinka masa riga irin ta Malam. Na ɗinka cikin kwana uku, direbansa ya zo ya karɓa.

Malam ya ƙara shekara ɗaya da rabi a kan bas. A ƙarshen 2017 ya tafi hutu gida, bai dawo ba. Babbar 'yarsa Shafa'atu za ta rubuta jarrabawar gama sakandare, ya ce yana so ya kasance kusa. Yanzu yana koyarwa a wata makarantar kuɗi a Ringim da safe, da yamma kuma yana jigilar kayan gwari zuwa Kano da motar ƙanin matarsa. Da muka yi waya kwanakin baya ya ce yara saba'in ne a ajinsa, rabi ba su da littafi, kuma hawan jini ya fara damunsa. Ya tambaye ni ko har yanzu Ubale yana nan, na ce ya koma Dammam. Ya ce idan na sami mai zuwa gida in aiko masa da bargonsa da ya bari, da tabaransa na karatu, yana jin suna cikin aljihun tsohuwar jakar da ke saman kwaba.